Yadda ake shirya yawon ƙungiya a motar nan mai shiga ruwa, mataki-mataki

Tun da bidiyon motocin nan ya fara yawo, waɗanda za ka gansu suna tafiya a titi kamar kowace bas sai kawai su gangara cikin kogi da fasinja cike, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: in mu ƙungiya ce, ko ɗalibai, ko dangi da aka taru, ko ma'aikatan ofis guda, ta ina za mu fara? Wasu ma cewa suke ai ba wani abu ba ne, zuwa kawai za a yi a yanki tikiti a hau. Eh, in ku biyu ne ko uku haka ne. Amma da kun haura goma sha biyar abin ya zama aiki, kuma wanda ya ɗauki nauyin shiryawa shi kowa zai kalla in an samu matsala.

Ana samun su a birane da dama masu kogi ko tafki ko bakin teku: Boston a Amurka inda suke shiga kogin Charles, Wisconsin Dells, ita ma a Amurka, wadda tun 1946 ake wannan harka a can, Singafo a Marina Bay, Dublin, Lisbon, Budapest a kogin Danube, Rotterdam, Hamburg, Tokyo. In za ku nema a intanet ku rubuta sunan garin da duck tour ko amphibious bus, ni dai agwagwa zan riƙa ce mata a nan don taƙaitawa. Yawon kan ɗauki awa 1 zuwa awa 1 da rabi, mafi yawansa a titi, na cikin ruwa bai cika wuce minti 20 zuwa 30 ba. Abin da nake so ku riƙe tun daga farko: duk da tayoyinta, ku yi mata shiri irin na jirgin ruwa.

1. Ƙirga kai tukuna

Kafin ku kira kowane kamfani ku san ku nawa ne. Ba wai masu cewa "sa sunana" a guruf ɗin WhatsApp ba, waɗannan rabinsu ba za su zo ba kuma kowa ya san haka. A fitar da mutum uku: mai magana da kamfani, ma'aji, da mai riƙe jerin sunaye. Kar a bar wa mutum ɗaya duka ukun, zai gaji kuma ranar tafiya ba zai iya rabuwa gida uku ba.

A jerin sunayen a rubuta suna, lambar waya, babba ne ko yaro, in yaro ne shekarunsa nawa kuma wa ke riƙe da shi, sannan in akwai mai lalurar da za ta hana shi hawa matakala a sa alama. A sa ranar rufe jerin, a faɗe ta ƙarara.

Hattara: jariri ma kai ne. Jirgin ruwa yana da adadin rayukan da hukuma ta yarje masa ya ɗauka, ba ruwanta da cewa a cinya za a riƙe yaro. In takardar motar ta ce mutum 32, to 32 ne har da na goye, kuma kyaftin ba zai ƙara ko ɗaya ba duk magiyar da za ku yi masa.

2. Zaɓen kamfani, da tambayoyin da za ku yi musu

Nan ne zan ɗan tsaya, don nan ne mutane suka fi yin sakaci, suna duba hotuna da farashi kawai su ce shikenan.

Motocin iri biyu ne a taƙaice. Akwai tsofaffin na soja, irin DUKW mai taya shida da kamfanin General Motors ya ƙera lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1945, an yi su ne don sauke kaya da sojoji daga jirgi zuwa gaɓa, daga baya aka sa musu kujeru da rumfa, wasu ma aka ƙara musu tsawo. Akwai kuma sabbin da tun asali don yawon buɗe ido aka ƙera su, wasu da siffar tsohuwar, wasu kuma bas ce sak mai tagogin gilashi, irin na Rotterdam da Budapest da Hamburg. Ni a ganina in garin yana da zaɓi ku ɗauki sabuwar ƙira. Tsohuwar ta fi kyau a hoto, ban musa ba, amma manyan haɗurran da aka yi a wannan harka a kan tsofaffin ko waɗanda aka yi wa kwaskwarima suka faru.

Ku aika imel, ko in waya kuka yi ku nemi a biyo da amsar a rubuce. Tambayoyin su ne:

Wace irin mota ce, kuma mutum nawa takardarta ta yarda ta ɗauka? Wace hukuma ke duba ta, yaushe aka duba ta na ƙarshe? Agwagwa tana ƙarƙashin doka biyu ne, ta titi da ta ruwa, a Amurka misali hukumar tsaron gaɓar teku ce ke ba da takardar shaidar dubawa ta ɓangaren ruwa, kuma direban sai yana da lasisin tuƙa babbar mota da na kyaftin. Kamfanin kirki ba ya jin haushin wannan tambayar, wanda ya fara kame-kame ku bar shi.

Suna da inshorar fasinja?

Ma'aikata nawa ke cikin mota? Ku fi son inda direba daban, mai bayani daban. A Boston a 2016 wata agwagwa ta take wata mata da ke kan babur, saboda gaban motar dogo ne kuma yana sama, direba ba ya ganin abin da ke ƙasan hancinsa, bayan haka ne jihar Massachusetts ta yi dokar raba tuƙi da surutun bayani tare da sa kyamarori. In mutum ɗaya ne ke tuƙi yana ba da labari yana barkwanci, hankalinsa a rabe yake.

Rumfar fa, da labulen roba na gefe, ana buɗe su kafin shiga ruwa? Wannan tambayar ita ce mafi nauyi duk da ba ta yi kama da haka ba. A 1999 wata agwagwa ta nutse a tafkin Hamilton da ke jihar Arkansas, mutum 13 suka rasu, binciken NTSB, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, ya nuna rumfar ce ta tare mutane suka kasa fita. Haka aka sake gani a 2018, zan zo kansa a mataki na 8.

Akwai rigar kariya daga nutsewa ta kowa, har da girman yara da jarirai? Akwai abin da ke hana motar nutsewa in ruwa ya cika ta, da injin zuƙe ruwa mai aiki?

Sai ku karanta ra'ayin waɗanda suka hau a baya-bayan nan, amma ku bar masu yabon barkwancin mai bayani, ku nemi masu maganar lalacewar mota, jinkiri, da yadda aka yi da su wajen mayar da kuɗi.

3. Kujeru za ku saya ko motar sukutum?

Hanya biyu ce. Ko ku sayi tikitin rukuni a cikin tafiyar da aka saba yi, ku zauna da baƙi, ko ku yi hayar motar gaba ɗaya. Galibi kamfanoni na ba da rangwame in adadi ya kai wani mizani, kowa da nasa, wani 10 wani 15 wani 20, kuma makarantu kan samu farashi na daban, to ku tambaya don ba kowa ke faɗa da kansa ba.

In kun kai kashi uku cikin huɗu na kujerun, haya ta fi. Ku kaɗai ne a ciki, kuna iya roƙon mai bayani ya sassauta magana don yara ko don waɗanda harshen bai zauna musu ba, wani lokacin ma a ɗauke ku a inda kuke so. In kun fi ƙarfin mota ɗaya sai a raba biyu, amma ku tambaya ko tare za su tashi, don gangaren shiga ruwa ɗaya ne, mota ɗaya ke bi a lokaci guda.

Hattara: hayar mota ba ta ba ku ikon canza hanyar ruwa ba. Wurin shiga da wurin fita da iyakar inda za ta kai duk a rubuce suke a lasisinta. Kar ku yi wa jama'a alkawarin za a kai su wani tsibiri da kuka gani a taswira.

4. Rana da lokaci

A ƙasashe masu sanyi harkar ta lokaci ce, kamar Boston daga wajen ƙarshen Maris zuwa Nuwamba suke aiki, hunturu a rufe. Inda ruwan na teku ne ko kogin da ke haɗe da teku, lokacin tashi na iya bin cikar ruwa da janyewarsa, yau ƙarfe 10 gobe ƙarfe 12, to kar ku tsayar da lokaci ku sanar kafin kamfani ya tabbatar.

Ranar aiki ta fi ƙarshen mako sauƙin samu, kuma safiya ta fi yamma, rana ba ta yi zafi ba, cunkoson titi da sauƙi, sannan a wurare da yawa hadarin bazara da yamma yake tasowa. Ku fara nema da makonni 4 zuwa 6, in lokacin hutun makaranta ne ku ninka. Kuma ku tsayar da rana ta biyu tun yanzu, ta ko-ta-kwana, a sanar da ita tare da ta farko.

5. Lissafin kuɗi

Farashi ya bambanta daga gari zuwa gari kuma yana canzawa duk shekara, don haka lissafin zan nuna muku da lambobin misali kawai, ku sa kuɗin ƙasar da kuke.

A ce mota mai kujera 32 ce, hayarta 960, tikitin mutum ɗaya kuma 40. Raba 960 da 40 ya ba da 24, ke nan in kun haura mutum 24 haya ta fi arha, in ba ku kai ba tikiti ya fi. Wannan shi ne lissafin farko, minti ɗaya ne.

Na biyun shi ne inda ake faɗawa rami. Kan 960 ɗin akwai ƙari: haraji in ba a haɗa shi a farashin ba (a Amurka galibi ba a haɗawa sai wajen biya), kuɗin bukin ta intanet, tukuicin direba da mai bayani a inda aka saba bayarwa, motar da za ta kai ku wurin tashi ko kuɗin fakin, da ɗan abin ajiya. A ce tukuici 100, ajiya 100, jimla 1,160. Mai gaggawa zai raba da kujeru 32 ya ce kowa ya kawo 36. Ranar biya sai mutum 26 suka biya, an tara 936, saura 224 babu mai shi, kuma daga aljihun mai shiryawa zai fita. Ku raba da adadin da kuka tabbata za su biya, in ma an samu rara a mayar wa mutane daga baya, ba wanda ke fushi don an mayar masa da canji.

Ma'aji ya riƙa rubuta duk wanda ya biya nan take ya tura masa shaida. Ƙa'ida ɗaya: wanda ya biya shi ke da kujera. A kuma faɗa tun farko cewa wanda ya fasa bayan an rufe jeri ba a mayar masa sai in ya kawo madadinsa.

Hattara: kar mai shiryawa ya biya kafin alƙalami daga aljihunsa da niyyar zai karɓa daga baya. A tara tukuna, a biya bayan nan.

6. Yin bukin, komai a rubuce

Kamfani zai nemi kafin alƙalami, sauran kuma a cika kwanaki kaɗan kafin tafiya. Kafin ku tura ko sisi, takardar ta nuna: rana, lokacin haɗuwa da lokacin tashi (ba ɗaya ba ne), ainihin wurin tashi, adadin mutane, ranar ƙarshe ta canza adadi, jimlar kuɗi da haraji, da abin da zai faru in kun makara.

Sai sharaɗin yanayi, ku karanta shi sau biyu. Yawancinsu suna tafiya ko ana ruwan sama, yayyafi ba ya hana su, kuma in ku kuka ƙi zuwa saboda yayyafi kuɗinku ya tafi. Abin da za ku nema a rubuta shi ne: in kamfani ya soke, a mayar da kuɗi duka ko a ba da wata rana. In an yi na titi kawai ba a shiga ruwa ba, nawa za a rage? Sannan in hukumar yanayi ta fitar da gargaɗin guguwa ko tsawa a lokacin tafiyarku, kuna da damar ɗagewa ba tare da asara ba ko da su suna son tafiya. Wannan na ƙarshen ba kowane kamfani ke yarda ba, amma ku nema, rukuni mai cika mota yana da bakin magana.

Wasu biranen suna da wurin tashi fiye da ɗaya na kamfani guda. Ku tura wa jama'a adireshin da alamar taswira, kar ku ce "wajen agwagwa" kawai, rabi za su tafi ɗaya wurin.

7. Yara, dattawa da masu lalura

Motar tana da tsayi sosai daga ƙasa, hawanta kamar hawa bayan babbar motar kaya ne sai dai da matakala, kuma matakalar a miƙe take, siririya. Dattijo mai ciwon gwiwa, mai juna biyu da ta yi nauyi, mai sanda, duk a gaya musu gaskiya tun kafin su biya. Wasu kamfanoni suna da na'urar ɗaga keken masu lalurar ƙafa, amma wurin keken ɗaya ne ko biyu kuma sai an sanar da wuri.

Ku tambayi ƙa'idar shekaru, akwai masu ƙin ɗaukar ƙananan yara kwata-kwata, kowane kamfani da inda ya yanke. Keken jarirai galibi a ƙasa ake barinsa. Ga ƙananan yara a sa babba ɗaya kan yara uku ko huɗu, kuma kowane babba ya san sunayen nasa, ba wai "duk muna lura da su" ba. In ɗalibai ne, takardar izinin iyaye da sa hannu, a rubuta a ciki ƙarara cewa motar za ta shiga ruwa.

Hattara: yawancinsu babu banɗaki a ciki, kuma ba a tsayawa a hanya. Kowa ya zaga kafin hawa, musamman yara, a kuma rage musu abin sha awa ɗaya kafin nan.

8. Yanayi, da wanda ke da ikon cewa an fasa

Ranar 19 ga Yulin 2018, a tafkin Table Rock kusa da garin Branson a jihar Missouri, wata agwagwa ɗauke da mutum 31 ta nutse, 17 suka rasu, 9 daga cikinsu 'yan gida ɗaya ne. Hukumar yanayi ta riga ta fitar da gargaɗin guguwa mai ƙarfi fiye da minti 20 kafin motar ta shiga ruwa, lokacin da ta shiga tafkin kwance yake lumui, cikin 'yan mintuna iska mai gudun sama da kilomita 110 a awa ta iso, igiyar ruwa ta riƙa shiga ta gaba. Agwagwa a ruwa gudunta bai wuce kilomita 10 a awa ba kuma bakinta kusa yake da ruwa, ba ta iya tsere wa hadari. Bayan wannan ne majalisar Amurka ta yi doka a 2022, hukumar tsaron gaɓar teku ta fitar da sabbin ƙa'idoji a 2023 kan rumfa da rigar kariya a tsofaffin motocin.

Abin da ya shafe ku a nan: kallon sama da ido ba ya wadatarwa. Mutum ɗaya a cikinku ya ɗauki aikin duba hasashen yanayi na hukumar ƙasar, kwana 3 kafin tafiya, daren jajibiri, safiyar ranar, da kuma minti 30 kafin tashi, na ƙarshen nan ya duba taswirar da ke nuna motsin hadari. Ruwan sama ba shi ne abin tsoro ba, iska da tsawa ne. A yarda tun a taron farko cewa in wannan mutumin ya ce an ɗage, an ɗage, ba ƙuri'a ba muhawara a bakin mota. Don in aka bari sai an taru, yara sun ga mota suna tsalle, an biya kuɗi, wasu sun zo daga nesa, ba mai iya buɗe baki ya ce a koma. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Kuma in kyaftin ne ya ce ba zai shiga ruwa ba, kar wani ya matsa masa don an biya. Ku gode masa, ku koma kan sharaɗin da kuka rubuta a mataki na 6.

9. Saƙon jajibiri

Saƙo ɗaya gajere, a tura da yamma, a sake turawa da safe: wuri, lokacin haɗuwa, lambar mutum biyu da za a kira. A ce kowa ya sa takalmi mai kama ƙafa, ya zo da hula da tabarau in rana ce, da rigar sanyi mara nauyi don iskar kan ruwa ta fi ta titi sanyi, da rigar ruwan sama maimakon lema. Jaka ƙarama, babu wurin manyan kaya. Abinci galibi ba a yarda a ci a ciki ba. Mai saurin jin jiri a mota ya sha maganinsa tun kafin a tashi kamar yadda takardar maganin ta ce. Waya a sa mata igiya a wuya ko a hannu, wadda ta faɗa kogi ta tafi ke nan.

Lokacin da za ku faɗa wa jama'a ya riga na kamfani da minti 30. In kamfani ya ce ku iso 9:30 don tashin ƙarfe 10, ku ce 9:00. Motar ba ta jira, akwai wata tafiyar a bayanku.

10. A wurin tashi

Mai jeri ya tsaya wuri guda yana yi wa duk wanda ya iso alama, mai magana da kamfani ya je ofis da rasit ya karɓo tikiti. A ƙirga kai kafin hawa, a sake ƙirgawa bayan an zauna, a faɗa wa ma'aikacin motar adadin ya yi daidai da nasa.

Dattawa da masu lalura su fara hawa, da mutum ɗaya a sama ɗaya a ƙasa suna taimaka musu. Yara a cikin layi, babba a bakin taga ko gefe. In ma'aikaci ya ce wasu su koma ɗaya ɓangaren, daidaita nauyi yake yi, a bi kawai. Masu son fantsamar ruwa da masu gudunta su tambayi ma'aikaci inda za su zauna, ya danganta da ƙirar motar. In akwai waɗanda ba sa jin harshen mai bayani, a zaunar da mai fassara a tsakiyarsu.

Hattara: kar kowa ya tsaya ɗaukar hoto dab da gaban motar ko bayanta, ko a fakin take. Direba ba ya ganin wurin, yaro kuwa ko alama.

11. Bayanin tsaro da shiga ruwa

Kafin shiga ruwa ma'aikaci zai yi bayanin tsaro, kuma a nan ne rukuni ya fi kowa rashin ji, don kowa ya san kowa ana ta hira. Shugaban tafiya ya miƙa hannu ya ce a yi shiru, minti biyu ne. Kowa ya ga inda rigarsa take da idonsa, a sama ne ko ƙarƙashin kujera, ya ga yadda ake ɗaure ta, ya san mafita mafi kusa da shi. Rigar yara a nemo ta tun a lokacin a gwada, rigar babba a jikin yaro zamewa take yi ta kai.

Maganar sa rigar tun kafin shiga ruwa, ku bi umarnin ma'aikatan, don abin yana da sarƙaƙiya. Wasu kamfanoni dole ne kowa ya sa, kamar yadda aka yi a Dublin a baya. A motar da rumfarta a rufe take kuwa, rigar na iya ɗaga mutum ta manna shi da rufin in motar na nutsewa, shi ya sa masu bincike suka dage a kan cire rumfa ko yin wadda ke buɗewa, kuma shi ya sa na ce ku yi tambayar tun a mataki na 2. In mota ce mai bel ɗin kujera, ku tambaya ko ana kwance shi kafin shiga ruwa. Labulen gefe a naɗe shi ko da ana ɗan sanyi.

A bakin gangara direba zai tsaya ko ya rage gudu, ya kunna farfela, wani lokacin a jira izini ta rediyo. Kowa ya zauna, a riƙe yara, hannu a ciki. Shigar ita ce abin da aka zo dominsa, daƙiƙa kaɗan ce, mai son bidiyo ya kunna tun ana saman gangara. Mutum ɗaya ko biyu su ɗauka wa kowa, sauran su kalla da ido.

A cikin ruwa kar a taso gaba ɗaya zuwa gefe guda don ganin wani abu, kar a zauna a kan ƙarfen gefe, kar a ɗaga yaro sama da shi don hoto. Wasu kyaftin suna ba yara sitiyari su ɗan riƙe in ruwa a kwance yake, in an yi tayin a bi layi ɗaya bayan ɗaya, in ba a yi ba kar a roƙa. Wanda ya ga ruwa na taruwa a ƙasan ƙafarsa, ko ya ji ƙaurin hayaƙi, ya faɗa wa ma'aikaci nan take da murya, kar ya tsaya tambayar na kusa da shi ko haka aka saba. A Landan a 2013 wuta ta taɓa kama wata a kan kogin Thames, mutane suka faɗa ruwa aka tsamo su duka da rai. In inji ya mutu a tsakiyar ruwa, a zauna, a sa riga in an ce a sa, manya su riƙa lura da jiragen da ke tahowa, don a Philadelphia a 2010 wani babban jirgin dakon kaya ne ya bi ta kan wadda ta lalace a kogin Delaware, ɗalibai biyu suka rasu.

12. Sauka da rufe lissafi

A zauna har motar ta tsaya cak a sa matakala. Saukowa ta fi hawa wuya, a juyo a fuskanci matakalar, babba ya fara sauka ya karɓi yara. Mutum na ƙarshe ya bi kujeru ya duba waya da jaka da hula. A ƙirga kai a ƙasa kafin kowa ya watse, hoton rukuni a gefen mota in direba ya ce ba zai motsa ba tukuna.

Tukuici a ba da shi dunƙule daga hannun ma'aji, kar a bi mutane ana karɓa a bakin mota. Cikin kwana 2 ma'aji ya tura lissafi a guruf: abin da aka tara, abin da aka kashe da hoton rasit, abin da ya rage da yadda za a mayar. In an rage tafiyar ko ba a shiga ruwa ba, a rubuta wa kamfani a ranar, a haɗa lambar bukin da sharaɗin da suka sa wa hannu. Hotuna a zuba su wuri ɗaya kowa ya ɗauka, na yaran wasu kuma kar a sa a Facebook ko wani dandali sai an tambayi iyayensu.